Sanawi a Saudiyya: Tambayoyin Iyaye Kan Zaɓen Masari da Sharuɗɗan Kammalawa

Duk shekara idan yara suka gama aji uku na mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare, tambayoyi iri ɗaya ne ke yawo a gidajen Hausawan Makka, Madina, Jidda da Riyad. Iyaye da yawa tsohon tsarin ilmi da adabi, wato raba ɗalibai ɓangaren kimiyya da na adabi, suka sani, wasu ma a Kano ko Damagaram ko Madani ta Sudan suka yi nasu karatun, sai ga yaro ya dawo gida yana zancen masari da tajsir da awannin sa kai. Ga tambayoyin nan da amsoshinsu. Bayanin ya shafi makarantun gwamnati da na kuɗi masu bin manhajar Saudiyya. Masu bin manhajar Ingila ko ta Amurka lissafinsu daban ne.

Ina ilmi da adabi suka tafi? Mene ne masarat?

Tun shekarar karatu ta 1443 Hijira, wato 2021, Ma'aikatar Ilimi ta fara tsarin masarat, wato fannonin karatu (ɗaya shi ne masari), a sanawi, babbar sakandare ke nan. Shekarun suna nan uku kamar da. A shekarar farko kowa darasi ɗaya yake ɗauka, babu rabuwa. Daga aji biyu ne ake rarraba ɗalibai zuwa masarat biyar: na gama-gari da ake kira am, na ilimin kwamfuta da injiniyanci, na lafiya da rayuwa, na gudanar da kasuwanci, sai na shari'a. Kafin wannan akwai tsarin muƙarrarat, mai tafiya darasi-darasi, da tsarin fasli, mai tafiya zango-zango, shi ya sa takardar shahadar babban wa da ta ƙaninsa ba sa kama da juna ko da makaranta ɗaya suka yi.

Me ake karantawa a kowanne?

A shekarar haɗaka akwai lissafi, fiziya (Physics), kimiya (Chemistry), ilimin halittu, ilimin muhalli, Larabci, Turanci, darussan addini, fasahar kwamfuta da darasin tunani da tantance hujja. Bayan nan kowa ya kama gabansa.

Masarin kwamfuta da injiniyanci yana ƙara ilimin sarrafa bayanai, ƙirƙirarriyar basira, tsaron intanet, tsara manhajar kwamfuta da zanen injiniya. Na lafiya yana kawo tushen ilimin lafiya, kula da marasa lafiya, yadda sassan jikin ɗan Adam ke aiki, da ƙididdiga. Na kasuwanci akwai tattalin arziki, sarrafa kuɗi, tallata haja, aikin sakatare da tushen doka. Na shari'a kuwa Alƙur'ani da ilimominsa, tafsiri, hadisi da musɗalahinsa, tauhidi, fiƙihu da usulinsa, rabon gado, da ɗan abin da ya shafi doka. Shi am ya ɗebo daga nan ya ɗebo daga can: lissafi da darussan kimiyya suna nan da ƙarfinsu, ga Larabci da tarihi da sauran darussan zamantakewa, sannan a shekarar ƙarshe akwai wani fage da ɗalibi ke zaɓa da kansa cikin abin da makarantar ta tanada.

Yaushe ake zaɓen, kuma wa ke da ta cewa?

A ƙarshen aji ɗaya ake shigar da zaɓi ta manhajar Nur ta Ma'aikatar Ilimi, ɗalibi ya jera abin da yake so daga na farko zuwa na ƙarshe. Sai dai so daban, samu daban. Kujerun masarat na musamman ƙidayayyu ne, kuma ba kowace makaranta ke da su ba. Ana tantancewa ne da makin aji ɗaya, musamman a darussan da suka shafi masarin da ake nema. Wanda ke son lafiya za a duba halittu da kimiya da Turancinsa, mai son kwamfuta a duba lissafi da fiziya.

A nan ne yara da yawa ke yin asara ba su sani ba. Yaro ya fito daga mutawassiɗ yana jin ya girma, ya ɗauki aji ɗaya shekarar shan iska, ranar da aka buɗe zaɓi kuwa makin da zai yi takara da shi ya riga ya zauna. Uban da ke son ya sa baki a zaɓen ɗansa, watan farko na aji ɗaya ne lokacinsa. A kowace makaranta akwai malami mai ba ɗalibai shawara, wanda yara ke ce wa murshid. Ku je ku gan shi tun da wuri, ku tambaye shi waɗanne masarat ke makarantar, waɗanda babu kuma wace makaranta ce mafi kusa da ke da su.

Malam, ɗana ya nemi masarin lafiya bai samu ba, an bar shi a am. Shi ke nan likitanci ya wuce shi?

Hajiya, kwantar da hankalinki, bai wuce shi ba. Wannan ita ce fahimtar da ta fi ɓata wa iyaye rai a banza. Mutane sun ɗauka am matattarar waɗanda aka rasa inda za a kai su ce, alhali shi ne masarin da mafi yawan ɗaliban ƙasar ke ciki, kuma shi ne ya fi kowanne buɗe ƙofofi. Tun da yana ɗauke da lissafi, fiziya, kimiya da halittu, mai shahadarsa yana iya neman kwalejojin lafiya da na injiniyanci, yana kuma iya juyawa ya nemi shari'a ko kasuwanci idan ra'ayinsa ya sauya. Wanda ya yi shari'a ko kasuwanci ba shi da wannan sararin, domin kwalejojin kimiyya ba sa buɗe masa ƙofa cikin sauƙi.

Abin da masarin lafiya ke bai wa yaro shi ne sabo da fannin tun da wuri. Zai shiga jami'a ya tarar da wasu abubuwan ya taɓa jin su. Amfani ne, ba a musu. Amma kujerar jami'a da lissafin maki ake samunta, kuma ɗan am da ya yi ƙoƙari a jarrabawar neman jami'a, wato ƙudurat da tahsili, yana shan gaban ɗan masarin lafiya da ya yi sake. Kowace jami'a tana fitar da jadawalin da ke nuna wane masari ke shiga wace kwaleji, ku nemi na jami'ar da kuke hari ku karanta da idonku.

A ganina ma, yaron da ya kai shekara 16 bai tsayar da abin da yake son zama ba, am ta fi masa alheri. Yawancinsu kuwa ba su tsayar ba, abin da baba ke so suke maimaitawa.

Me ake buƙata kafin a ba yaro shahadar kammalawa?

Ya ci dukkan darussan da ke cikin tsarin masarinsa na shekara uku, mafi ƙarancin makin ci a darasi shi ne 50 cikin 100. Kada ya bar bashin darasi a baya. Ya cika awa 40 na aikin sa kai. Idan yana masari na musamman, akwai aikin bincike na kammalawa da zai gabatar a aji uku. Ɗabi'a da zuwa makaranta su ma suna da makinsu, kuma fashi ba da uzuri ba yana zaftare shi.

Mu'addal, wato matsakaicin makin da ake rubutawa a shahada, daga shekaru ukun duka ake haɗa shi. Aji ɗaya nauyinsa bai kai na aji biyu da na uku ba, amma yana ciki.

Awa 40 ɗin nan, hidimar da yaranmu ke yi a Harami da azumi ba ta isa ba?

Wajen Allah ta isa har ta yi yawa. Wajen makaranta kuwa sai abin da aka rubuta. Yaro zai iya kwashe Ramadan gaba ɗaya yana raba ruwa da dabino, yana rakiyar tsofaffi, amma idan ba ta hannun makaranta ko wata ƙungiya mai rajista ya yi ba, babu awa ko ɗaya da za ta shiga lissafinsa. Akwai dandalin gwamnati na aikin sa kai inda ake tallata guraben aiki, ita ma makaranta tana shirya nata a cikin gida. Yaran Makka da Madina sun fi kowa samun dama saboda aikin hajji da umara, muddin sun yi rajista kafin su fara. A raba awannin tun daga aji ɗaya. Wanda ya bar su sai aji uku zai haɗa su da tahsili da aikin bincike a lokaci guda.

Idan ya faɗi darasi ɗaya fa?

Akwai zagaye na biyu na jarrabawa, daur sani. Idan ya ci, ya wuce. Idan bai ci ba, darasin ya zama bashi a kansa, kuma ba zai karɓi shahada ba sai ya biya. Ɗan aji uku da ya shiga daur sani yana iya makara wajen neman jami'a a wannan shekarar.

'Yata ta fita da 98 amma ba ta samu kwalejin da take so ba. Ina adalci a nan?

Alhaji, shahadar sanawi ita kaɗai ba ta shigar da kowa jami'ar gwamnati a ƙasar nan. Akwai jarrabawa biyu da cibiyar Ƙiyas ke shiryawa a ƙarƙashin Hukumar Tantance Ilimi da Horo. Ta farko ƙudurat, mai auna kaifin fahimta ta ɓangaren harshe da ɓangaren lissafi. Ta biyu tahsili, mai auna abin da ɗalibi ya riƙe a lissafi, fiziya, kimiya da halittu. Jami'a tana ɗaukar kaso daga kowanne ta haɗa, abin da ya fito shi ake kira nisba mauzuna, da ita ake jera masu nema.

Rabon da aka fi sani a kwalejojin kimiyya da lafiya shi ne kashi 30 daga shahada, 30 daga ƙudurat, 40 daga tahsili, kodayake kowace jami'a da nata, wasu ma suna rage nauyin shahada ƙasa da haka. Mu buga misali da wannan rabon. Yarinya ta sami 98 a shahada, 70 a ƙudurat, 65 a tahsili. Lissafinta 29.4 da 21 da 26, jimla 76.4. Wata kuma shahadarta 90 ce kawai, amma ta sami 88 a ƙudurat da 85 a tahsili. Nata 27 da 26.4 da 34, jimla 87.4. Ta biyun ta ba ta farko ratar maki 11, alhali a makaranta ta farkon ce ake yi wa walima.

Dalilin wannan tsari ba ɓoyayye ba ne. Makin makarantu ya sha bamban, wata makarantar hannunta a sake yake, wata a damƙe, masu 95 zuwa sama kuma sun yi yawa. Jarrabawar Ƙiyas kuwa ma'auni ɗaya ce ga kowa, kuma makinta ana fitar da shi ne ta hanyar gwada ɗalibi da sauran waɗanda suka zauna, ba a cewa an ci ko an faɗi. Tun 2025 neman gurbi a jami'o'in gwamnati ya koma dandali guda mai suna Ƙabul, inda ɗalibi ke jera zaɓinsa.

To yaushe ya kamata a fara shirin ƙudurat?

Ana iya zaunawa tun daga aji biyu, kuma ana ba da dama fiye da ɗaya, mafi girman maki ake ɗauka. Hikima ita ce a gama da ita a aji biyu ko farkon aji uku, a bar sauran shekarar ga tahsili. Ita tahsili ta 'yan aji uku ce, kuma rabin tambayoyinta daga karatun aji uku suke fitowa, kashi 30 daga aji biyu, kashi 20 daga aji ɗaya. Kada a zubar da littattafan baya.

Ga wata magana da ta shafe mu musamman. Yaranmu suna jin Larabcin Hijaz kamar ruwa, a gida kuma Hausa ake yi, sai iyaye su ɗauka ɓangaren harshe ba zai ba su wuya ba. Larabcin ƙudurat na littafi ne: dangantakar kalma da kalma, cike gurbin jimla, gano kalmar da ta ɓata ma'ana, da fahimtar dogon nassi cikin ƙurarren lokaci. Larabcin unguwa ba ya kai yaro ko'ina a nan. Yaron da ya saba karanta littafi da jarida, ko ya zauna gaban malami a halƙa, wato zauren karatu, ana fassara matani, shi ke jin daɗinta. A ɓangaren lissafi kuma ba a shiga da na'urar lissafi, don haka wanda ya saba da latsa waya kafin ya ninka 12 sau 15 sai ya sake zama.

Wasu jami'o'i da kwalejoji suna neman makin Turanci, ko dai jarrabawar STEP ta Ƙiyas ko IELTS.

Mu ba 'yan ƙasa ba ne, iƙama, wato takardar izinin zama, gare mu. Duk wannan lissafin ya shafe mu?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi tun kafin a taɓa zancen masari, amma ita ake barin ta ƙarshe don ba ta da daɗin ji. Hausawan Saudiyya kashi uku ne a wannan babi. Akwai 'yan ƙasa, jikokin waɗanda suka zauna tun zamanin tafiyar ƙafa, su duk abin da aka faɗa a sama nasu ne kai tsaye. Akwai waɗanda mahaifiyarsu 'yar ƙasa ce, mahaifinsu baƙo, su ma a harkar karatu ana yi musu mu'amalar 'yan ƙasa. Sai masu iƙama zalla.

Mai iƙama yana yin sanawi, yana zaɓen masari, yana zama ƙudurat da tahsili da lambar iƙamarsa. Inda hanya ke rabuwa shi ne ƙofar jami'ar gwamnati. Ba ya shiga takarar gama-gari, sai ta minha, wato tallafin karatu, ta cikin gida, wadda aka ware wa baƙi mazauna ƙasar, ana nemanta ta dandalin Udrus fis Sa'udiyya. Kujerun kaɗan ne, ana son shekarun mai neman digirin farko su kasance tsakanin 17 da 25, iƙama kuma ta zama mai rai. Jami'o'i da yawa ba sa buɗe wa masu minha kwalejojin likitanci. Fannonin shari'a da Larabci su ne suka fi karɓar baƙi, musamman a Jami'ar Musulunci ta Madina da aka kafa a 1961 da Ummul Ƙura ta Makka. Bayan minha sai jami'o'in kuɗi, ko buɗaɗɗiyar jami'ar Larabawa mai rassa a Riyad da Jidda da Madina, ko fita waje.

Saboda haka mai iƙama daga ƙarshe yake fara lissafi ya dawo farko. A ina yaron nan zai yi jami'a? Da wane kuɗi? Da wane harshe? Idan amsar ita ce Najeriya ko Masar ko wata ƙasa, masarin da ya fi sauƙin fahimta ga jami'ar waje shi ne wanda darussansa sanannu ne ko'ina, wato lissafi, fiziya, kimiya, halittu da Turanci. A nan ma am ba ta da laifi. A kuma sa a rai cewa ayyuka da dama, irin su harhaɗa magani, likitan haƙori, injiniyanci da akanta, an ware wa 'yan ƙasa kaso a cikinsu, don haka samun shahada ba ya nufin aiki na jira.

Akwai kuma zancen iƙamar kanta. Ɗa namiji da ke ƙarƙashin mahaifinsa, idan ya wuce 18 ana neman shaidar cewa ɗalibi ne kafin a sabunta masa, idan ya kai 25 kuma sai ya fita daga ƙarƙashin uban. Shekarar da yaro ya zauna a gida bayan sanawi ba karatu, tana iya zama matsala a jawazat, wato ofishin shige da fice.

Niyyarmu ya koma Najeriya ya yi jami'a. Me za mu tanada?

Abu uku, kuma duk kafin ya gama aji uku ake fara su. Na farko Turanci. Turancin manhajar Saudiyya bai kai nauyin wanda ake tambaya a Najeriya ba, inda da shi ake koyar da komai. Yaron da ya san fiziya sarai da Larabci zai zauna gaban tambayar da ya iya amsarta ya kasa gane me ake nema. A samo masa littattafan sakandaren Najeriya tun yana aji biyu, ya riƙa bin darasin kimiyya da harsunan biyu.

Na biyu takardun shiga. Jami'o'in Najeriya suna neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, da kuma lissafi a yawancin fannoni, sannan jarrabawar JAMB, wadda ba a rajistarta sai da lambar NIN. Shahadar waje Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ce ke tantance matsayinta. Duk da haka iyalai da yawa sun fi ganewa yaro ya zauna WAEC ko NECO a matsayin ɗalibi mai zaman kansa, don ya huta da dogon bayani a ofishin ɗaukar ɗalibai. Mai son Larabci ko nazarin addinin Musulunci a jami'a irin Bayero ta Kano ko Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, akwai jarrabawar hukumar NBAIS da ta fi dacewa da karatunsa.

Na uku hatimi. Kafin a bar Saudiyya a kai shahada a tabbatar da ita a hukumar ilimi da Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin Najeriya a Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda. Wanda ya tafi da bizar fita ta ƙarshe bai yi wannan ba, sai ya koma neman wanda zai yi masa zirga-zirga daga nesa.

'Yan Nijar kuwa su tuna Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da Faransanci take koyarwa. Wanda Larabci ne ƙarfinsa, Jami'ar Musulunci ta Say ta fi kusa da abin da ya saba.

Ɗana mahaddaci ne. Ba shari'a ce ta dace da shi ba?

Tana iya dacewa, idan shi ne ke so kuma nan ya nufa. Ga mai iƙama da ke harin minha a Madina ko Ummul Ƙura, masarin shari'a shiri ne mai kyau ƙwarai, domin zai shiga da usulin fiƙihu da musɗalahin hadisi da fara'id, wato rabon gado, a hannu. Abin da ba na so shi ne a tura yaro can don kawai ya haddace Alƙur'ani, ko don an ga lissafi na ba shi wuya a zango ɗaya. Hadda ba ta hana mutum zama injiniya, kuma ƙwaƙwalwar da ta riƙe izu sittin ba za ta gaza riƙe kimiya ba idan an samu mai koyarwa. Ilimin addini ƙofofinsa a Makka da Madina ba sa rufuwa, ga halƙoƙin Harami, ga Darul Hadis. Ƙofar kwalejin kimiyya ce ke rufuwa idan an bar darussanta tun aji biyu.

Ana iya sauya masari bayan an fara?

Ana iya, ta hanyar tajsir, wato ɗalibi ya rama darussan da sabon masarin ya yi shi bai yi ba. Sauka daga masari na musamman zuwa am ya fi sauƙi a kan hawa daga am zuwa na musamman, inda sai da gurbi da maki. Duk daɗewar da aka yi, ramuwar na ƙara yawa.

Wannan ya shafi masu ƙaura ma. Lokacin da aka rushe tsofaffin unguwannin Jidda irin su Sabil da Gulail da Karantina daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, iyalai da yawa sun tashi a tsakiyar shekarar karatu. Duk mai shirin sauya unguwa yana da ɗa a aji biyu ko uku, ya fara tambaya ko makarantar can tana da masarin yaron kafin ya biya kuɗin haya.

Zango uku ake yi ko biyu?

An koma zango uku tare da fara masarat a 2021, sannan daga shekarar karatu ta 1447, wato 2025, aka dawo zango biyu. Masarat ɗin suna nan yadda suke, rabon darussa a cikin shekara ne ya sauya.

Ɗan ƙanena ya zo daga Sudan, ya yi aji ɗaya a can. A ina za a sa shi?

Sai an yi wa takardunsa mu'adala, wato tantance matsayinsu, a hukumar ilimi ta yankin, su ne za su faɗi ajin da ya dace da shi. A zo da sakamakon kowace shekara da hatiminsa, ba na shekarar ƙarshe kaɗai ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 yara da yawa sun iso da takardu a warwatse, wasu kuma sun yi shekara ba aji, don haka a fara neman abin da ya ɓata tun kafin lokacin rajista. Ɗan Sudan ba shi da matsalar harshe. Wanda ya zo daga makarantar boko ta Najeriya ko Nijar shi ne ke shan wuya, domin komai da Larabci ne, har alamomin lissafi. Irin wannan yaron, maimaita aji ɗaya ya fi masa amfani a kan a cusa shi aji biyu.

An sa ranar 'yata tana aji biyu. Karatun ya tsaya ke nan?

Bai tsaya ba, Hajiya. Aure ba ya hana ta ci gaba da zuwa aji. Idan zuwa kullum ya gagara, akwai intisab, ta yi karatu a gida ta je ta zauna jarrabawa, shahadar kuma ta Ma'aikatar Ilimi ce. Sai dai masarat masu aikin ɗakin gwaji ba su dace da karatun gida ba, ku tambayi makarantar wanne ake bari. A yi maganar nan da dangin miji tun yanzu, a kuma duba inda za ta tare, domin idan wani gari ne sai an ɗauke fayil ɗinta zuwa can. Waɗanda shekarunsu suka wuce na aji, maza da mata, suna da makarantun ci gaba da ilimi.

An rubuta sunan ɗana a Nur ba kamar yadda yake a fasfo ba. Abin damuwa ne?

Sosai ma. Shahadar sanawi tana fitowa da suna da Larabci da kuma haruffan boko, kuma na bokon dole ya dace da na fasfo harafi da harafi. Sunayenmu suna shan wahala a nan: Usman ya koma Othman, Hauwa ta koma Hawa, Abubakar a raba shi gida biyu, wani lokaci sunan gari ko na kaka ya faɗi a hanya. Haka ranar haihuwa, wajen juya ta daga Hijira zuwa Miladiyya kwana ɗaya yakan zame. Jami'ar waje ko ofishin jakadanci suna iya mayar da takarda saboda harafi guda. A aji uku makarantu kan nemi ɗalibai su tabbatar da bayanansu kafin a buga shahada. A kai kwafin fasfo da iƙama wurin wakili, wato mataimakin shugaban makaranta, a gwada su da abin da ke Nur da abin da ke asusun yaron na Ƙiyas, a gyara tun shahada ba ta fito ba. Gyara bayan bugawa sai an bi ta hukumar ilimi ta yanki, kuma yakan ɗauki lokacin da rajistar jami'a ba ta jira.